Wat Dubu Biyar a Ɗakin Ɗan Gwaggo

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina fata Wara lafiya, ruwa lafiya, da matata da na ba ka ajiya.

Saƙonka ya iso. An ce a majalisarku ta bakin kasuwa aka jefa tambaya: da gwamnati za ta buɗe ɗakin gwaji guda a ƙasar Yauri, inda za a riƙa auna kayan sauti na gida a faɗi gaskiyar kowanne, wane kaya ya kamata a fara ɗorawa a tebur? Wani ya ce rediyo, wani ya ce amfilifaya, wani ya ce iyafis ɗin da yara ke cusawa a kunne. Kai kuma ka gyara zama, ka ce duk ɓarnar kuɗi ce, kunnenka ya ishe ka ma'auni, shaidarka kuwa ita ce sabon akwatin da ka sayo mai wat 5,000, wanda in ka kunna shi a Wara sai an yi rawa a Libata. Har ka ƙara da cewa a gaya wa ɗan bokon nan, in yana da ja ya rubuto.

Ina da ja. Ga ta kuma a jarida, don kada ka ce ɗan aike ne ya sauya magana a hanya.

Mu fara da wat 5,000 ɗin, tunda shi ne rawanin da ka naɗa. Ka samu yaro mai karatu ya juya maka akwatin ta baya, wajen da wayar wuta ke shiga. Akwai 'yar takarda manne da ƙananan rubutu, wadda mai shago bai nuna maka ba. A nan maƙeransa suka rubuta wutar da yake sha, kuma na ci alwashi ba za ka ga ta kai wat 100 ba. To a wace makaranta aka koya maka cewa abu zai sha wat 60 ya amayar da 5,000? Na'urar sauti ba ta haihuwar wuta. Abin da ta karɓa daga bango shi take juyawa, wani kaso ma ya tafi a zafi, shi ya sa bayanta ke ɗumi. Filogin nan mai ƙafa uku da ka soka a soket, fis ɗin cikinsa amfiya 13 yake ɗauka. Ka ninka da bolt 230, abin da zai iya bi ta cikinsa bai cika wat 3,000 ba. Da akwatinka da gaske yake, da tun ranar farko fis ya tashi, da ɗan janaretonka da ko dutsen guga ke sa shi tari ya daɗe da yin sallama da duniya.

Amma bari mu ɗauka kwalin gaskiya ya faɗa. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, aka tashi mutum sama da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu saboda ita, har da tsohuwar Busa, injunanta 8 an girka su ne su ba da megawat 760. Na buga lissafi: akwati irin naka 152,000 sun yi daidai da Kainji. Wannan adadi kuwa bai fi ƙarfin kasuwar Alaba ta Legas ba. Ashe wahalar banza aka ba Gungawa. Da an jira ka girma, da ba a nutsar da gonar albasar kowa ba. Sai a jera akwatuna daga Wara zuwa Yelwa, a saka Rarara, a ba Najeriya wuta, a sayar wa Yamai ragowa.

Duba gefen 5,000 ɗin, za ka ga haruffa huɗu, PMPO. Babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita ta auna wannan lamba. Kowane kamfani yana rubuta abin da zai cika kwali. Wat ɗin da ake iya kafa hujja da shi, shi ne wanda na'ura za ta riƙe tana bayarwa ba tsayawa, murya ba ta fashe ba, kuma shi ake rubuta wa RMS a gefe. Ka kwantar da hankalinka, ba a kanka cutar ta fara ba. A Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, kamfanoni sun yi ta tseren kumbura lamba, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta kafa doka a 1974. Duk mai tallan wat sai ya faɗi wanda na'urarsa ke bayarwa a ɗore, da bakunanta biyu suna aiki tare, a kan sifika mai om nawa, daga wane amo zuwa wane, da yawan gurɓatar da sautin ke yi. Kafin a auna ma sai an bar na'urar ta yi awa 1 tana aiki a kan sulusin ƙarfinta ta yi zafi, sannan ta riƙe cikakken ƙarfin na minti 5. Nan da nan manyan lambobi suka sace. Sama da shekara 50 ke nan da yi wa Amurkawa magani, sai cutar ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas, ta hau tirela ta biyo ta Kontagora, ta same ka zaune da kuɗin kifi a aljihu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wanda abin ya faɗa wa. Kai ne fa mutumin da ba ya sayen kifin warangi sai ya kifa mudu ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya ga ko an doke shi ciki. Kan abin da bai cika tafin hannu ba kana iya tara wa tsohuwa jama'a. Amma aka auna maka wat da mudun da ba shi da gindi ma gaba ɗaya, ka biya kana washe baki, har ka ba yaron shago na goro.

Sai batun kunne, wanda ka ce ya ishe ka.

Ban raina kunne ba, don shi aka yi sautin. Matsalarsa yana da maƙwabci mai shisshigi, wato ido. Wani injiniya, Floyd Toole, ya shafe shekaru a cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Kanada da ke Ottawa yana zaunar da mutane a gaban labule, yana kunna musu sifikoki ba tare da sun ga wadda ke magana ba, sannan ya gwama abin da suka zaɓa da abin da na'urar awo ta nuna. Ya tarar in ido ba ya wurin, yawancin mutane abu ɗaya suke so: sifikar da ba ta fifita wani amo a kan wani. A 1994, bayan ya koma kamfanin Harman mai JBL, shi da Sean Olive suka tara ma'aikatan kamfanin 40, suka sa su saurari sifikoki iri 4, da labule, da kuma babu labule. Da aka yaye labulen, manyan masu sheƙi da tsada suka samu ƙarin maki, ƙaramar mai araha ta koma baya, alhali lokacin da ba a ganin ta kankankan ta yi da su. Waɗannan fa mutane ne da sauti ke ciyar da iyalinsu. Magabata da suka ce gani ya kori ji ba su san har nan maganarsu za ta kai ba. To ina ga kai, da aka kunna maka fitilu ja da kore da shuɗi suna zagaya bakin akwati? Ko garwa aka ɗaura wa fitilun nan sai ka ce ta fi zaƙi.

Wannan ma labarin lafiyayyen kunne ne. Naka kuwa, wanda ya yi shekara da shekaru a gindin injin Yamaha tsakanin Wara da ƙetare, wanda in uwargida ta ce "kuɗin cefane" sai ya ji "sai da safe"? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba. In ta kai 90, awa 4 kacal. In ta kai 100, wajen minti 20. Ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Abin da ke fara tafiya shi ne siririn amon nan na sama, wanda da shi ake rarrabe "sa" da "sha" da "tsa". Mai shi ba ya sanin ya tafi. Sai dai kullum ya riƙa ƙara murɗa maɓalli, yana cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Da ni ke da ɗakin gwajin nan, kai zan fara zaunarwa kafin kowace na'ura. Sai dai kayan kasuwa aka tambaya, kai kuwa gadonmu ne, ba ma sayar da kai.

A koma kan tambayar. Akwai kayan da ba su cancanci ko minti ɗaya a teburin ba, kuma wayoyi ne a gaba. Masu kuɗin Turai da Amurka sun daɗe suna cacar baki a kan wayar sifika. A 2007 James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin masu da'awar sihiri, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance wata waya ta kamfanin Pear mai dala 7,250 da waya mai sauƙin kuɗi in an rufe masa ido. An yi ta kai da kawo, gwajin bai yiwu ba, kuɗin suka zauna inda suke. Waya tagulla ce. In kaurinta ya isa, tsawonta bai wuce kima ba, zance ya ƙare. Iyakar abin dubawa a kasuwanninmu shi ne ko tagullar gaske ce ko alminiyon da aka shafa wa ja, wannan kuwa wuƙa ta isa, a kankare a gani. Haka manyan amfilifayoyin nan na miliyoyi. Mujallun can sun auna su sun sake aunawa, Julian Hirsch shi kaɗai ya yi sama da shekara 30 yana wannan aiki a mujallar Stereo Review. Mai kuɗin sayen su yana da kuɗin datar da zai karanta sakamakon.

Akwatinka ma ban sa shi a gaba ba, kada ka fara murna. Ƙaryarsa ta yi girman da ɗan aji shida zai kama ta da alli.

Abin da zan fara ɗorawa shi ne ɗan MP ɗin nan da ka raina, wanda kake jefawa cikin jirgi tare da igiya da moɗa. Ka bi hanya daga Ngaski zuwa Birnin Yauri, ka leƙa Utono, ka haura Shanga, ka ƙirga gidajen da babu shi. Yana teburin mai shayi, yana rataye a rumfar mai faci, yana gefen turmi inda mata ke surfe, yana kafaɗar makiyayi, yana kan kunyar albasa a fadama. Da shi ake jin tafsiri da karatun Alƙur'ani daga memori, da shi ake kama tasha, shi ne tocila in dare ya yi, wani ma da shi ake ɗan ɗosana wa waya caji. Ya gaji rikoda mai kaset, ya kusa gadon rediyo. Kuɗinsa kaɗan ne a ido, amma sau nawa gida ɗaya ke sayen sa kafin akwati irin naka ya tsufa? Mujallun can kuma ba su san da zamansa ba, don sunan da ke jikinsa bana, baɗi wani ne. Kayan da mutane suka fi saye, kuma aka fi ƙarancin faɗin gaskiyarsa, shi ya kamata ya fara hawa tebur.

A cikinsa kuma batir zan fara nema. Ka kwance sukurorin bayansa, a mafi yawansu za ka ga batir dogo mai zagaye da ake kira 18650, don kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Kamfanonin da suka fi kowa iya yin sa, irin su Panasonic da Samsung da LG, mafi kyawun nasu wajen mAh 3,500 yake tsayawa. A kasuwa kuwa sai ka ga wanda aka buga wa 9,900 a jiki, da hoton wuta tana ci. Masu gwaji da suka auna irin waɗannan sun sha samun ƙasa da 1,000, waɗanda suka fasa su kuma sun sha tarar da ɗan mitsitsin batir a ciki, an cike sauran wurin da yashi don ya yi nauyi a hannu. Yashi fa, ɗan gwaggo. Kana zaune a bakin Kwara, ka tura kuɗi har ƙasar Sin a kawo maka yashi.

Ga lissafin da zai hana ka barci. Batir mai mAh 2,000 na gaskiya, a bolt 3.7, wutar da ke cikinsa za ta ba da wat 7 da ɗan ɗori na awa 1. In MP ɗinka yana yin awa 4 yana waƙa, to abin da yake sha bai cika wat 2 ba. Da wat 1,000 da aka rubuta a kwalinsa gaskiya ne, da bai kai rabin minti ba zai mutu, tun kafin 'yan amshin Shata su karɓa. Wat 2 kuwa ba abin kunya ba ne, ya ishi ɗaki, ya ishi jirgi in an kashe inji. Ƙin faɗa ne abin kunya.

Za ka ce to me ya sa batir ya fi wat damuna. Ƙaryar wat sau ɗaya ka biya ta, ranar da ka saya. Ƙaryar batir kuwa haraji ce. A garin da wuta ke zuwa ziyara ta koma, kowane caji kuɗi ne a shagon mai janareto ko mai sola. Batirin da ke riƙe rabin abin da aka ce zai kai ka shagon sau biyu inda ya kamata ka je sau ɗaya, in ya yi wata shida ya fara kumburi kuma ka koma kasuwa. Nan ne kunnenka ba shi da ta cewa, ko da lafiyayye ne. A 'yan mintocin da mai shago zai kunna maka, batir mai yashi da batirin kirki murya ɗaya suke bayarwa. Sai ka kai tsakiyar ruwa za ka san wanda ka saya. Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Batirin kirki yana da 'yar na'urar da ke yanke wuta in ya cika ko in ya yi zafi. Mai araha sau da yawa ba shi da ita. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ɗakin ciyawa, da jarkar fetur da ke kwance a gindin jirginka. Don haka abu huɗu zan so a rubuta a kan kowane MP: wutar da batirinsa ke riƙewa da gaske, awa nawa yake yi a ƙara guda da aka tsayar, caji nawa yake jurewa kafin ya gaji, da ko yana yanke wuta da kansa.

Bayan batir sai bakin sifikar, kuma a nan akwatinka zai samu shiga ta bayan gida. Ka ɗauka wat shi ne ƙara. In ka ninka wat sau 2, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya yarda ƙara ta ninka, sai wat ya ninka wajen sau 10. Sifikar ɗaki kuma malalaciya ce, a cikin wutar da aka ba ta kusan kashi 1 cikin 100 take mayarwa sauti, sauran zafi ne. Shi ya sa masana ke tambayar wata lamba dabam: in an ba sifika wat 1, aka tsaya tazarar mita 1, desibel nawa take bayarwa? Ta ɗaki tana yawo tsakanin 85 da 90. Ƙahon lasifikar nan na Ahuja ko TOA da ke ɗaure a saman masallaci yana haura 105. Ratar desibel 20 ninki 100 ce a wuta. Da wat 10 ladan zai tashi gari, har masunta su ji kiran asuba a kan ruwa. Kai da dubu biyar ɗinka iyakarka ka hana maƙwabta barci. Na yarda ƙaho ba ya ba da gurnanin ganga, ba don shi aka ƙera shi ba, amma ya nuna maka lambar da ya kamata a buga a kwali ba ita aka buga ba.

Masu ƙera kayan araha sun san abin da ke sayar da kaya a cikin hayaniyar kasuwa: dum-dum da ke motsa ƙirji. Sai su kumbura amon ƙasa, su bar tsakiya a rame. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma abin da ke sa a gane magana yawancinsa yana tsakanin 300 da 3,400, iyakar da aka daɗe ana ba wayar tarho. Mu kuwa me muke sauraro? Tafsiri, labarai, wasan kwaikwayo, waƙar baka. Duk magana ce. Ka saka Sani Aliyu Ɗandawo, mutumin Yauri, wanda daɗin waƙarsa ke cikin kirari da jeren sunaye da habaicin da sai ka kasa kunne, a akwatinka sai kiɗa ya hau kan mawaƙi ya zauna. Sai ka ƙara murɗawa don ka ji abin da yake cewa, amfilifaya ta kai iyakarta, murya ta fashe, koyil ɗin twita ya ƙone. Mai gyaran rediyo na bakin tasha yana yi maka addu'ar tsawon rai, ka san dalili yanzu.

Rediyo zan ba matsayi na biyu, don girman da yake da shi a gidajenmu. Tun 1957 da BBC ta fara Hausa, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga Rediyon Kaduna tun 1962, iyayenmu ba su taɓa tambayar wat nawa rediyo ke da shi ba. Tambayarsu ɗaya ce: yana kamawa? Tambayar injiniya ce wannan, kuma ana auna ta da lamba. Mu nan tashoshin FM sun yi mana nisa, Birnin Kebbi tafiyar sa'o'i ce, zangon FM kuwa ba ya son nisa. Rediyo biyu masu kama ɗaya, Kchibo da wanda ya ari kamanninsa, ɗaya zai jawo tasha tar, ɗaya sai shuuu. A auna raunin siginar da kowanne ke iya kamawa, da yadda yake raba tasha da maƙwabciyarta a gajeren zango. A kuma auna abin da ba wanda ke zargi: cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na zamani, da inbatar sola, da yawansu suna watsa ƙara a iska da ke toshe matsakaici da gajeren zango. Kawunka, mahaifina, yana ta zagin batir da eriya, alhali cajar jikansa ce ke yi masa kutse.

Na uku ɗan gajere ne. Duk abin da ake jonawa a bango, a gwada shi da irin wutarmu, wadda ke zuwa ƙwan fitila ya yi ja. Amfilifaya mai tiransifoma da aka auna a bolt 230, in wuta ta sauko 160, kusan rabin ƙarfinta ya tafi. A kuma gwada ta da tsallen da wuta ke yi in an maido ta da tsakar dare. Wanda ya tsira, a ba shi lambar yabo.

Wa zai yi aikin? Akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya tun 1971, akwai shirinta na SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005. Aikinsu ne, amma ban ga alamar za su zo Wara su kwance bayan MP ba. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne awo ba baƙo ba ne a bakin tafkin Kainji. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa ta daɗe tana yi, a shekarun 1990 kuma ta haɗu da Jamusawa, aka bi ƙauye-ƙauye ana ƙirga jirage da taru, ana auna idon raga, ana ɗora kamu a sikeli. Ka tuna, kai ne kan gaba wajen ɓoye tarun dala in an hango su. In an iya ƙirga warangi, wat ba zai gagara ba. Kayan aikin ma ba su da tsada. Na'urar Klippel ta birnin Dresden da manyan masu gwaji ke auna sifika da ita takan kai dala 100,000, amma ba ita muke nema ba. Mita irin ta mai gyaran rediyo, da 'yar na'urar da ake sokawa a bakin caja tana ƙirga mAh, da resista mai om 4 ko 8, da waya mai manhajar desibel, wadda ko ba ta cika daidai ba ta isa a gwama wannan da wancan. Ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi suna neman aikin kammala karatu kowace shekara. A ba su MP iri 10 daga kasuwar Yelwa, su auna, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo yadda ake karanta farashin hatsi: wane suna, batir nawa aka rubuta, nawa aka samu, awa nawa ya yi. Mako uku ana karantawa, za ka ga 'yan kasuwa da kansu sun fara zaɓen abin da suke sarowa daga Sabon Garin Kano.

Kafin a kai can, ga tayina. Ranar kasuwar Wara, bayan la'asar, a rumfar mai gyaran rediyo. Ka kawo akwatin, ka kawo MP ɗin. Alƙalai uwargida da ladan, don su biyun sun fi kowa sanin ƙarfin kunnenka. Za mu kafa zana, mu ɓoye akwatinka da na yaron mai shayi wanda bai kai rabin kuɗinsa ba, a toshe fitilu da tsumma, ka zauna ka nuna naka. Daga nan a jona mita. Ban ce 5,000 ba. In ta nuna wat 500, zan ɗauki kwandon kifinka a ka daga bakin ruwa har cikin kasuwa, ina faɗa da ƙarfi cewa ɗan mace ne ubangida. In ba ta nuna ba, giwan ruwa guda ka aiko gidanmu, da kai da jela, kuɗin shararka na watan cika-ciki kuma na riƙe su, mita zan saya maka da su.

Ka zo da janareton da cikakken tanki da sitabilaiza, don na san hujjar da za ka fara kawowa ita ce wuta ba ta da ƙarfi.